Abin da ke Cikin Kunkuru

Saura minti ashirin a fara zagayen ƙarshe, babbar alƙaliyar gasar ta hau dandamali da takarda ɗaya a hannu, ta ce an sauya doka.

Mai gyaran talabijin yana zaune a layi na uku na kujerun iyaye, cikin rigar da bai taɓa shiga shago da ita ba. Ya zo ganin autarsa ne, wadda ke jagorantar 'yan mata uku na makarantarsu a gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗaliban sakandare. Nasu wani ɗan abu ne mai taya huɗu da hannu ɗaya. Aikinsa ya bi baƙin layi, ya ɗauki ƙwallo, ya jefa a kwando. Kunkuru suke ce masa, don tafiyarsa ta farko abin dariya ce.

Alƙaliya ta karanta dalla-dalla. Kowace ƙungiya za ta kwance nata a gaban alƙalai, ta yi bayanin kowace waya, ta sake haɗawa cikin awa ɗaya. Duk inda aka ga hannun babba, an kori ƙungiyar, an dakatar da makarantar shekara uku, kuma za a kira sunan shugaban ƙungiyar a lasifika.

Zauren ya kaure da hayaniya. Wani malami ya miƙe yana kaɗa littafin dokoki, yana cewa a nuna masa inda aka rubuta haka. Wata uwa ta dafe ƙirji tana salati. Can a kusurwa, wasu samari suka zuba nasu a kwali, suka sulale ta ƙofar baya.

Mai gyara ya ƙura wa Kunkuru ido, ya san abin da ke cikinsa.

Wata biyu da suka wuce Auta ta fara barin Kunkuru a shagonsa yana caji idan za ta makaranta. Ranar farko ido kawai ya zuba masa. Rana ta uku ya ɗauki sukundireba. Ya tarar da wayoyi a cukurkuɗe, liƙin dalma kuwa kamar kashin kaji. Shekara talatin yana wannan sana'a, ya za a yi 'yarsa ta fita bainar jama'a da wannan? Sai ya haɗa wani ɗan fanel na lantarki, bai wuce girman kwalin ashana ba, ya dasa a ƙarƙashin batir don ya daidaita gudun tayoyin. Bai faɗa wa kowa ba, har uwargidansa.

Abu ɗaya ne ke ba shi haushi. Kusan kullum sai ya tarar wayoyin fanel ɗin sun tsinke. Ya ɗora laifin a kan jijjigar mota da rawar kan yara, ya sake liƙawa. Kunkuru dai sai ƙara gudu yake. Duk sanda Auta ta dawo da labarin nasara, sai ya sunkuyar da kai cikin wata tsohuwar talabijin yana murmushi.

Jiya ma sai da ya ƙara wa fanel ɗin gam.

Yanzu ga igiya an ja tsakanin iyaye da teburan yara. Ya miƙa wuya yana neman Auta. Ta waigo sau ɗaya, suka haɗa ido, ta yi saurin kawar da kai.

Aka busa usur. Tayoyi suka fita, hannun ya fita, murfin ya fita. Alƙaliya da kanta ta zo ta tsaya a kan teburinsu, ta ƙi matsawa. Mai gyara ya hango Auta gobe a ransa, tana shiga aji yara na nuna ta da baki. Ya hango shugabar makarantar a ƙofar shagonsa. Da Auta ta kai hannu kan batir, sai ya matso gaba a kujerarsa.

Ta ɗaga batir. Alƙaliya ta sunkuya, bayanta ya tare masa gani. Ta daɗe a haka. Ta yi tambaya, Auta ta amsa. Alƙaliya ta yi rubutu a takardarta, ta wuce ba tare da ta ce komai ba.

To an gani ke nan, ya ce a ransa. Jira ake a gama a tozarta ta gaba ɗaya.

Sauran lokacin a cikin hazo ya yi shi. Yaran suka haɗa Kunkuru da sauran minti shida. Aka ɗora shi a layi, ya zabura, ya sha kwana uku lafiya lau, ƙwallo ta faɗa kwando. Ana tafi, shi yana jiran lasifika.

Aka kira suna biyu. Babu na Auta.

Yana nan zaune kamar an dasa shi, mahaifin ɗaya daga yaran da aka kora ya tare alƙaliya daidai gaban kujerarsa, jijiyar wuya a tashe.

"Wane munafuki ne ya kawo muku wannan doka da rana tsaka?"

"Ba munafuki ba ne, malam. Wata ɗaliba ce ta rubuto mana," in ji ta, tana naɗe takardarta. "Ta ce wata biyu ke nan kullum sai ta tsinke wayoyin wani fanel da mahaifinta ke dasa mata a ɓoye, nauyin baki ya hana ta faɗa masa, shi ne ta roƙi a sa ta kwance komai a gabansa, ko ya yarda cewa da hannunta abin ke tafiya."