Jar Munduwa a Ƙofar Maƙabarta

Tun da aka ɗaura wa tsofaffin gari munduwar da ke auna tangaɗinsu, duk wanda tasa ta yi ja ba ya shiga maƙabarta, wai kada ya rufta kabari. Ta Baba Tanko ta yi ja ne ranar da matarsa Delu ta rasu.

Ya biyo makara yana jan ƙafa. A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi.

"Baba, yi haƙuri, ka yi mata addu'a daga nan."

"Kai Sallau, ni fa na raɗa maka suna! Ƙasa kawai zan zuba mata in fito."

"Wallahi ba ni ba ne, Baba. Ƙofar ce ba ta buɗe wa ja."

Masu makara suka yi nisa, tsohon ya tsaya yana tangaɗi. Can sai ya ji an tallabe shi ta hagu, daidai inda Delu kan riƙe shi idan zai tashi alwala. Munduwar ta koma koriya, ƙofa ta buɗe.

Sallau ya dubi hagun tsohon, bai ga kowa ba. Sannan ya ja da baya, ya bar hanyar da za ta ishi mutum biyu.