Sunan Mai Jirgin Mariga

Daga bakin direbobi Huraira ta fara jin sunansa, suna ƙwala kira daga ƙetaren kogin Mariga: "Abarshi! Kawo jirgi!" Amma tun da zancen aure ya shiga tsakaninsu, sunan bai ƙara fita daga bakinta ba, don mace ba ta kiran sunan mijinta. "Mai Jirgi" take ce masa.

To, ga gada an gama ginawa a kan kogin. Jirgin da ya yi shekaru yana fiton motoci da mutane, Turawa sun ce a kai shi can kogin Binuwai.

"Inda jirgi ya nufa can zan bi, ba ni da wata sana'a," in ji Abarshi, idonsa a kan ruwa. "A ɗaura mana aure, mu tafi tare."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ta tuna Innarta makauniya a Kakangi, wadda ba ta da kowa sai ita.

"Me kika ce, Huraira?"

Ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Allah ya kiyaye hanya, Abarshi."

Igiyar da ke hannunsa ta suɓuce. Ya gane amsar, don matar da za ta aure shi ba za ta kira shi haka ba.

Tana hawa gaɓa da hawaye, ta tuna ranar da ya roƙe ta yana dariya: "Don Allah, ko sau ɗaya ne, ki kira sunana in ji shi a bakinki."