Ƙofa Ta Huɗu

"Na gama, Yallaɓai," in ji injiniyar. "Saba, wato na'urar da ke raba muku fayiloli, yanzu tana sauraro ta ƙofa uku."

Manajan ya lashe leɓe, ya matso har tana jin warin bakinsa. "Sauraro? To ki ƙara ta huɗu, ƙofar banɗakin mata. Daga ni sai ke."

Ta ja da baya. Ƙofofin nan lambobi ne kawai a cikin na'ura, ba su da kunne.

"Saba ba ta jin magana, Yallaɓai." Ta ɗago wayarta. "Amma ma'aikaciyar da muke gwaji da ita tana kan layi."

Wata murya da manajan ya sani sarai ta fito daga wayar.

"Baba?"