Wanda Aka Bari a Baya

Tun ba a kai rabin dutsen ba Aminullahi ya tsaya hutu karo na uku. Yayansa Lawal ya waiwayo daga sama, ya gan shi ya dafa gwiwa yana haki, ya ja dogon tsaki.

Lawal ne ya shirya tafiyar. Wata takwas ke nan da aka yi masa dashen ƙoda, wani bawan Allah da ya nemi a sakaya sunansa ya ba da tasa, kuma Lawal yana so 'yan ofis su gani da idonsu cewa ya warke garau. Shi ya sa ya zaɓi dutsen nan na bayan unguwar Dutse Alhaji, wanda a wasu wurare sai an haɗa da hannu ake hawansa. Ya gayyaci abokan aikinsa biyu, Kingsley da Christina, da ƙanwarsa Rabi'atu.

Aminullahi kuwa ba wanda ya gayyace shi. Da sassafe kawai aka gan shi tsaye jikin mota, da tsohon takalmin kambas da gorar ruwa biyu.

"Zan bi ku, Yaya."

Lawal ko kallonsa bai yi ba. Lokacin da yake kwance a asibiti, rai a hannun Allah, maƙwabta sun zo, mai gadin ofis ya zo, har mai wankinsa ya zo da lemo. Amma ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, wai ya tafi Legas saro kayan gyaran mota na rumfarsa ta kasuwar Gudu. Sati uku ba a ga ƙeyarsa ba. Ya dawo a rame, sumui-sumui, ko haƙuri bai bayar ba. Tun daga nan Lawal ya cire shi daga sahun mutane.

Ruwan da aka yi jiya ya bar santsi a jikin dutsen. Hanya ta tsuke, ta miƙe tsaye. Lawal na gaba yana ba da umarni, ga muryar Aminullahi daga baya ta ƙi ƙyale shi.

"Yaya, a hankali." Can kuma: "Yaya, ka sha ruwa."

"Ka ji fa," Lawal ya ce wa Kingsley, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni da aka farke ina gaba, mai lafiya na rarrafe. Ragon banza."

"Oga, ai kai soja ne," in ji Kingsley yana dariya.

Christina ta ga Aminullahi ya matse gefen cikinsa, ta miƙa masa maganin ciwon jiki. Ya duba kwalin, ya mayar mata, ya ce ba ya shan irinsa. Lawal ya taɓe baki. Ga raki, ga yanga.

Saura kaɗan a kai ƙololuwa akwai wata tsaga da sai mutum ya ɗaga jikinsa da ƙarfin damtse. Lawal ya ciji leɓe ya haye. Aminullahi ya gwada sau ɗaya, ya yi wani ɗan nishi, ya sulale ya zauna a gindin tsagar. Rabi'atu ta tsaya a kansa, ya yi mata alama da hannu ta wuce.

A sama iska na kaɗawa. Rufin gidaje sun baje kamar an zubar da ashana, motocin hanyar Bwari kamar tururuwa. Lawal ya buɗe hannuwa, Kingsley ya ɗauke shi hoto ta kowace kusurwa.

Rabi'atu ta leƙa ƙasa, ta dawo da sauri.

"Yaya Lawal, amai yake yi. Ya kasa miƙewa. Mu sauka."

"Mu sauka? Saboda wa?" Ya gyara zaman hularsa. "A bar shi nan. Ai shi ma ya iya barin mutum a kwance."

Rabi'atu ta matso ta tsaya a gabansa.

"Ya sa mun rantse ba za mu faɗa ba, amma zan yi kaffara," ta ce. "Bai je Legas ba, Yaya. Yana ɗakin da ke kusa da naka. Ƙodar da ka hau dutsen nan da ita, tasa ce."