Yunwar Katafila

Katafilar ta sake shaƙewa tana tsakiyar ɗaga ƙasa. Ƙararta ta yi ƙasa-ƙasa, hannunta ya tsaya cak a sama da laka cike, sannan ta mutu. Tukur ya duba wayarsa. Minti goma sha biyu. Jiya rabin awa take yi kafin ta mutu, shekaranjiya awa guda.

Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wannan ƙarfe, shi ne kuma makanikensa, bai taɓa ba shi kunya ba. Sai da ya kawo shi garinsu, gaban mutanen da suka san shi tun yana yawo ba wando, sannan ya tashi wulaƙanta shi.

Bara ambaliya ta biyo kwarin da ke bayan ƙauyensu, can wajen Gubuchi, ta cinye gida tara da gonakin rake. Gidan mahaifinsa, Malam Ja'afaru, shi ne na gaba a layi, katangarsa ma har ta tsage. Shi ya sa Tukur ya durƙusa gaban maigidansa, Alhaji Zainulabidin, ya roƙi aron katafilar kwana biyar, ya yashe kwarin ya buɗe wa ruwa hanya. Alhaji ya ba shi da sharaɗi ɗaya: ta dawo yadda ta tafi.

Ranar da ta iso, gari kaf ya fito kallo. Malam Ja'afaru ya zagaye ta sau biyu, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna, amma yawan idon jama'a bai yi masa daɗi ba.

"Tukur, wannan basamudiya ta ina take ci?"

Tukur ya yi dariya, ya nuna masa bakin tankin gas a can sama. Safiyar nan ta yi aiki kamar za ta cinye duniya. Bayan ya dawo daga cin abincin rana ne ta yi mutuwar farko.

Ya ɗaura mata agogon awo a tiyon mai. In ta tashi allura takan hau daidai, can sai ta riƙa zamewa har ta kwanta. Wato injin yunwa yake ji, alhali tanki cike yake maƙil. In an bar ta ta huta kaɗan kuma, sai ta tashi garau, kamar ba ita ba.

Ya zargi datti, tunda rariyar bakin tankin ta daɗe da ɓata. Ya hau babur ya je Makarfi ya sayo filta sababbi masu tace mai. Ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan mai, ya fitar da iska, ya hura tiyo da bakinsa har harshensa ya daina jin gishiri. Washegari ya je Ikara ya samo famfon da ke jawo mai. Ya duba hujin shan iska na murfi, lafiya lau. Ya haska tocila a cikin tankin, ba ya ganin komai sai duhu da shingen ƙarfe. Saura a sauke tankin gaba ɗaya, motar da za ta iya ɗaga shi kuwa sai Asabar, in ma ta iya ratsa taɓon nan.

Duk tafiyar da zai yi, mahaifinsa ne ke yi masa gadi. Yakan shimfiɗa buzunsa a inuwar katafilar da carbi a hannu, ba ya barin kowa ya matso. A kwana na uku ya fara ɗingishi, gwiwarsa a kurje. Tukur ya tambaya, ya ce zamewa ya yi, ba wani abu ba. Tausayi ya kama Tukur. Mutum ya haura saba'in, yana kwana da fargabar gida, ga ɗansa ya kasa komai.

Ran Juma'a, kwana na biyar, hadari ya haɗo daga gabas tun ana saukowa daga masallaci, baƙi wuluk. Tukur ya haƙura da haƙa. Gida kam sai yadda Allah ya yi, bari dai ya fitar da katafilar Alhaji daga kwarin. Ya murza maƙulli, ta tashi, ta ja jiki zuwa gangare. Minti uku ta mutu. Ya jira, ya sake. Minti biyu. A karo na biyar ko taku goma ba ta yi ba.

Daga nan sama ta tsage. Kafin la'asar ruwa ja ya taho ta kwarin da karare da kututtuka, ya rufe ƙafafun katafilar, ya hau har kujerar direba. Daga bayan gari aka ji katanga ta zube. Wayar Tukur tana ta ƙara a aljihu, ya san Alhaji ne, ya kasa ɗauka. Ya zauna daɓas a bakin gaɓa, hawaye na bin fuskarsa.

Malam Ja'afaru ya ɗingiso a cikin ruwan, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yi haƙuri, ɗana, abin nan ya fi ƙarfinmu ne."

"Baba, wallahi babu abin da ban duba ba."

"Na sani. Ni ma na yi iya yina," in ji tsohon. "Tun ranar farko duk ka juya baya sai na hau na jefa mata laya ta inda ka ce take ci, kowace na naɗe ta da leda sosai don kada mai ya taɓa rubutun, yau ma da na ga hadari har uku na saka."