Dara a Kan Gilashi

Tun da kamfani ya saye dara, aka hana haƙa gurbi a ƙasa. Mai son wasa sai dai a allon gilashin da aka kafa a gindin durumi.

Barau makaho ne, da yatsu ya san dara. Abokinsa Jatau ya ɗora masa hannu a kan allon. Ya shafa, ya sake shafawa.

"Jatau, ina gidajen?"

"Suna nan, Barau, zana su aka yi."

Allon ya yi ƙara, ya gode masa da sayen sabbin 'ya'yan dara masu walƙiya.

Barau ya janye hannu, yatsunsa suka fara tona ƙasa. Jatau ya dubi kyamarar da ke kan reshe, ya sa ƙafa ya shafe ramin.