Fedar da Ta Ƙi Tashi

Ɗana Gazali ya taka ambiriyaj, wato kulocin mota, feda ta nutse kamar ya taka tuwo, giya ta ƙi shiga. Wai asibitin Tasawa zai kai ni saboda gwiwa, ni da fari da yunwa suka kasa kayarwa.

Bature makanike ya buɗe ɗan tulun man ambiriyaj, babu ko ɗigo. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya laluba tiyo, ya fito.

Ya ce, "Gazali, ba ta yoyo. Ko aljani ke sha?"

Na yar da sanda, na daka tsalle.

Na ce, "Yara, ku bar zancen asibiti. Kullum safiya nake ɗiba ina shafawa, ga shi na warke. Saura ƙugu. Ina tulun birki yake?"